Alkasim Mai Tsingaro

Gabas da Dungas, kan hanyar da amalanke ke bi zuwa Mallawa, akwai wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo. Can aka haifi Alkasim, ɗan Rabe Dogo mai haƙar rijiya. Duk wanda ya sha ruwa a yankin nan a wancan zamani, da wuya in ba hannun Rabe ne ya fito masa da shi ba. Mutum ne dogo siriri, marar son magana, wanda ya fi sakewa a ƙarƙashin ƙasa da a bisanta. Sai Allah ya ba shi ɗan fari mai baki kamar an kunna rediyo.

Tun Alkasim na tatata tambaya ce abincinsa. Don me ƙasar sama ja ce ta ƙasa kuma fara? Wa ya zuba ruwan a can ciki? Shekarar da Rabe ke haƙa rijiyar lakwal, wato makarantar boko, ta Dungas, yaron ya biyo shi, ya zauna a bakin rami yana jefa masa tambayoyi daga sama. A rana ta uku Rabe ya fito duk jikinsa laka, ya kama hannun ɗansa, ya kai wa Mushe Muttaƙa diraktan lakwal, ya ce, "Mushe, an ce ku aikinku amsa tambaya. Ga wannan na ba ka, ko na samu in ƙare muku rijiyarku." Haka Alkasim ya shiga boko.

A gida kuwa mutum ɗaya ce ba ta gajiya da shi, kakarsa Falmata, mahaifiyar Rabe. Babarbariya ce, daga gabas aka auro ta. Ta shekara hamsin cikin Hausawa amma Hausarta ba ta miƙe ba, takan ce wa namiji ke, mace kuma kai, in an yi dariya ta ce harshen ne ya cika rabe-rabe marar amfani. Maginiyar tukwane ce, randarta har kasuwar Magarya ana tambayarta da suna. Tana kiran Alkasim maigidana, shi kuma in ya zo hutu sai ya zauna kusa da ita yana cuɗa mata yumɓu, tana zaginsa da cewa ba ta taɓa ganin miji marowaci irinsa ba.

Daga Dungas ya wuce kwaleji a Magarya, daga nan lise a Damagaram. A duk shekarun nan Rabe bai taɓa tambayarsa me ake koya musu ba, don ya riga ya yanke abin da yaron zai zama. Ya taɓa ganin sufurefe, babban jami'in gwamnati mai mulkin yankin, ya zo duba wata rijiya da farar riga, ana riƙe masa ƙofar mota, tun daga ranar ya ce ɗansa sufurefe zai zama. Alkasim bai ƙi ba. Ya ma cika takardar neman bursu, wato tallafin karatu a jami'a, ya rubuta cewa shari'a zai karanta.

Sai shekarar 1973 ta zo. Alkasim ya rubuta bak, jarrabawar ƙarshen lise, ya dawo gida jiran sakamako, ya tarar damina ta ƙi sauka. Rijiyoyin garin biyu sun koma laka, mata sai su wuni a bakinsu kafin su cika tulu ɗaya. Maigari ya kira Rabe ya ce a nemi sabon wuri. Rabe ya yi kwana biyu yana zagaya daji yana duba itatuwa, daga ƙarshe ya tsaya a gindin wani tudu da ke arewa da gari, inda ba a noma saboda yawan tsingaro, wato fasassun tukwane, da ke cinye bakin hauya. Kowa ya san wurin kufai ne, amma ba wanda ya damu da shi, in ban da awaki.

Alkasim ne ke jan guga daga sama. An kai gaba biyu da rabi sai ya ji dagin ubansa ya yi wata ƙara daban, ƙwal, sa'an nan shiru.

"Baba, lafiya?"

"Miƙo igiya mai kauri," in ji Rabe daga ciki. "Ka kira mutane."

Randa ce aka ciro, babba, bakinta rufe da kasko, ko tsagewa ba ta yi ba. Kafin a ajiye ta gari ya hallara. Waɗanda suka ce ta aljanu ce suka ja da baya, waɗanda suka ce zinariya ce suka matso, akwai kuma waɗanda suka tsaya ƙafa ɗaya gaba ƙafa ɗaya baya. Liman ya yi addu'a, aka ɗaga kaskon. Ba zinariya, ba aljani. Ƙasa ce, sai gero baƙi ƙirin da wuta ta taɓa ci, da gululun kaɗi guda uku, da 'yan duwatsun wuya ja. Mutane suka watse suna tsaki.

Falmata ce kaɗai ta tsaya. Idanunta sun fara rauni, don haka da hannu ta duba randar, ta shafa ta tun daga gindi har baki, ta sake shafawa.

"Maigidana, zo ki ji," ta ce. Ta kama yatsan Alkasim ta ɗora a wuyan randar. "Wannan zanen igiyar kaba ce aka murɗa aka mirgina. Haka uwata ke yi. Amma gindin nan a kan tabarma aka buga shi, irin na matan garin nan. Wace mace ce wannan mai hannu biyu?"

Tambayar nan ta shiga kan Alkasim ta zauna. Rabe ya ci gaba da haƙa, a gaba tara ruwa ya ɓullo, gari ya yi ta guɗa, amma shi Alkasim hankalinsa na kan randa. Ya je wurin Maigari ya tambaye shi su wa suka zauna a kufan nan. Maigari ya ce kakanninsu ne, Hausawa maƙera. Ya je ƙauyen Barebari da ke maƙwabtaka da su, Bulama ya ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, mutanen Barno ne suka kafa wurin. Ya je ruga, Ardo ya yi dariya ya ce tun ba a san Bahaushe ko Babarbare ba shanun Fulani ke kwana a kan tudun nan. Kowannensu ya lissafa masa kakanni har bakwai, kuma kowanne ya rantse.

Da sakamako ya fito ya ci, sai ya tafi Damagaram ya nemi takardarsa, ya soke shari'a ya rubuta tarihi. Sai da ya dawo ya gaya wa ubansa.

Rabe ya ce, "Tarihi? Irin wanda maroƙan fada ke yi?"

"A'a Baba, wannan na bincike ne. Ana tambayar tsofaffi, ana karanta takardu, ana kuma tona ƙasa a ga abin da mutanen dauri suka bari."

"Ana tona ƙasa."

"I, Baba."

Rabe ya tashi ya fita. Washegari ya hau jakinsa ya tafi Dungas wurin Mushe Muttaƙa, ya ce, "Mushe, na ba ka yaro ka ƙarar masa da tambayoyi, ka maido mini shi da ƙari. Shekara goma sha uku a lakwal, ashe duk don ya koyi haƙa rami ne? Ai da ni na koya masa a wata biyu." Mushe Muttaƙa ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya zaunar da shi ya lallashe shi. Rabe ya komo bai gamsu ba, amma ranar tafiya shi ya ɗauki akwatin ɗansa a ka har tashar mota.

Jami'ar Yamai a lokacin sabuwa ce, ɗaliban tarihi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Alkasim ya sha wuya a shekarar farko. Zafin bakin kogi bai karɓe shi ba, Zabarmanci ya gagare shi, littattafan da ake bukata kuma guda ɗaya-ɗaya ne, sai an bi layi. Amma a shekara ta biyu wani malaminsu, dattijo mai son tsofaffin kufai, ya kwashe su a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya kai su wani wuri a gefen kogi don su koyi haƙa. Nan Alkasim ya tarar ashe a gida yake. Kafin azahar hannuwan abokansa duk sun yi bororo, shi kuwa ya yanke bangon raminsa santal kamar da wuƙa. Malamin ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo, ya tambaye shi inda ya koyi wannan. Alkasim ya ce ubansa mai haƙar rijiya ne. Bai taɓa faɗin haka a gaban ɗalibai ba, sai ranar, kuma ya ji daɗin faɗinsa.

Malamin ne ya koya masa cewa ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa take, ta ƙasa ta girmi ta sama, kuma tsingaron da ba a san zurfin da aka ciro shi ba ya zama shara. Shi ne kuma ya ce masa, in yana son sanin kufan garinsu, kada ya tsaya a littattafan Faransanci kawai, don mutanen dauri ba su san inda iyakar ƙasa ta bi ba. Ya ba shi wasiƙa zuwa wani malami a jami'ar Zariya.

Bayan ya sami digirin lisansi a 1976, Alkasim ya tsallaka ta Ɓaɓura, ya kwana biyu gidan kawunsa mai sayar da goro, ya wuce Kano, ya isa Zariya. Malamin da aka aike shi wurinsa ya karɓe shi da Ingilishi, Alkasim ya mayar da Faransanci. Suka tsaya suna kallon juna. Can malamin ya ce, "Wai kai mutumin ina ne?" Alkasim ya ce Dungas. Malamin ya ce, "To don Allah mu daina wahalar da kanmu, ni Bakatsine ne." Sati uku suka yi suna aiki da Hausa. Kalmomin da kowannensu ya koya da harshen Turawansa sai da suka zauna suka nemo musu suna, in suka rasa su fita su tambayi mata masu sayar da tukwane a kasuwa, kuma yawanci matan na da sunan tuntuni. Alkasim ya cika kaye, wato littafin rubutu, har uku da zanen tukwanen Kano da na Zazzau da na Barno.

Da ranin 1977 ya dawo Kwarin Gawo don aikin digirinsa na gaba. Ya zo da takardar izini mai hatimi, da manyeto na ɗaukar magana, da igiya, da turaku, da rariya biyu, da cokalin magina, da burushi irin na fenti. Ya ɗauki ma'aikata huɗu daga cikin gari, shugabansu kuwa Rabe Dogo, don ba wanda zai shiga rami a ƙasar nan Rabe na zaune a gida.

Satin farko uba da ɗa ba su jitu ba. Alkasim ya kafa turaku a kan tudun nan ya ja igiya, metir uku kowane gefe, ya ce za a riƙa kankare ƙasa kaurin yatsa huɗu a lokaci guda, a tankaɗe ta, a rubuta duk abin da ya fito. Rabe ya ɗaga dagi, Alkasim ya ce a ajiye dagi. Rabe ya dubi burushin da aka miƙa masa, ya dubi sama.

"Kai, ɗan lakwal," ya ce, don ba ya faɗin sunan ɗan fari, "ni a kwana goma sha biyu nake kai ruwa. Kai kwana bakwai ke nan, ramin naka ko akuya ba za ta karye a ciki ba."

Samarin gari suka samu abin yi. In ya wuce sai su ce ga Alkasim mai tsingaro, ya je Yamai ya dawo da ilimin tsintar fasassun tukwane. Sunan ya bi shi, shi kuwa yakan amsa.

Ba a jima ba gindin gawon da ke kusa da ramin ya zama fada. Kullum da hantsi Maigari ya zo da buzunsa, Bulama ya zo da sandarsa, Ardo ya zo da malfarsa, su zauna suna jiran abin da rariya za ta fitar. In aka sami kashin maƙera, wato dunƙulen da ke saura bayan an narka tama, Maigari ya gyara zama ya ce, "To, kun gani." In tsingaro mai zanen igiya ya fito, Bulama ya buga sanda a ƙasa. Ardo ya daɗe bai sami nasa ba, Bulama na ta yi masa tsiya, don tsakanin Barebari da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni. Ranar da aka ci karo da wata shimfiɗa mai toka-toka cike da ƙasusuwan shanu, Ardo ya miƙe tsaye ya cire malfa ya ce a ba shi wuri ya yi magana, ya kuwa yi ta har azahar.

A sati na uku, a kusurwar gabas ta ramin, ƙasa ta canza launi, ta yi wani baƙin da'ira. Alkasim ya rubuta a kayensa cewa ramin shara ne. Rabe ya tsuguna, ya murza ƙasar a yatsu, ya ɗan taɓa a harshe.

"Goge abin da ka rubuta," ya ce. "Rijiya ce."

"Baba, rijiya a kan tudu?"

"Lokacin ba tudu ba ne. Su suka tara tudun da shararsu. Ba ni cokalin nan."

Kwana biyu yana kwashe baƙar ƙasar da kansa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Sai ga bangon rijiya ya bayyana, da 'yan ramukan da mahaƙi ke sassaƙawa don sa ƙafa. Rabe ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mai rijiyar nan bahago ne, dubi inda bakin dagi ya karkata, kuma gajere ne, dubi kusancin matakansa. Sa'an nan ya sa ƙafarsa a ɗaya daga ciki, ya tsaya haka ya daɗe. Da ya fito sai ya ce a hankali, "Ya iya aiki. Allah ya jiƙansa, ko shi wane ne." Daga ranar ba a sake jin ya raina burushi ba. Har faɗa yake yi wa ma'aikata in suka yi gaggawa.

Tsingaro ya yi yawa, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kowane zurfi da jakarsa, har jaka arba'in, an jera su a zauren Rabe. Mushe Muttaƙa ne ya haɗa Alkasim da wata malamar lakwal ɗinsa, Saratu, 'yar wani ɗan kasuwa a Magarya, wadda ya ce ba a taɓa yin mai kyan rubutu irinta a lakwal ɗin ba. Duk Alhamis da Lahadi takan zo a amalanken 'yan kasuwa, ta zauna a ɗakin Falmata, ana kawo mata jaka ɗaya-ɗaya tana wanke tsingaron, tana zana waɗanda suka fi kyau. Falmata ta ce an yi mata kishiya 'yar boko, amma ita ke ajiye mata fura.

Wata Juma'a Alkasim da ubansa suka tafi masallaci Dungas. Da suka dawo da la'asar, suna shiga gida Alkasim ya tsaya cik. Jakunkunan nan arba'in duk an zazzage su. Tsakar gida shimfiɗe da tabarmi, Falmata na zaune a tsakiya, ta tara tsingaron tsibi biyar, tana ta nishaɗi.

"Maigidana, na gyara miki aiki," ta ce. "Kin zuba su barkatai, na uwa da na 'ya da na baƙuwa duk a jaka ɗaya. Yanzu kowa na tare da 'yan'uwansa."

Alkasim ya zauna a ƙasa daɓas. Aikin sati shida ke nan. Ba wanda zai sake sanin wanne ya fito daga sama, wanne daga ƙasa. Bai iya yi wa tsohuwa faɗa ba, bai kuma iya cin tuwo ba. Ranar Asabar bai je bakin rami ba, ya wuni yana tsara wasiƙar da zai rubuta wa malaminsa.

Ranar Lahadi Saratu ta zo. Ta ga tsibin, ta ga fuskar Alkasim, ta tambayi abin da ya faru. Da aka gaya mata sai ta ɗauki tsingaro ɗaya ta juya cikinsa ta miƙa masa. A gefe, da baƙar tawada, ga lamba 'yar mitsitsiya.

"Malam, ni yara sittin nake koyarwa," ta ce. "Duk abin da ba a rubuta wa suna ba na san ɓata zai yi. Kowanne na sa masa lambar jakarsa tun ranar da na wanke shi. Jaka biyu ne kawai ban kai gare su ba."

Alkasim ya yi ta juya tsingaro yana duba lambobi yana dariya kamar wanda ya zautu. Jaka biyun nan sun tafi ke nan, har ya ƙare aikin yana jin zafinsu. Amma da ya zo zai mai da sauran cikin jakunkuna, Saratu ta ce ya dakata, su fara duba lambobin kowane tsibi yadda tsohuwa ta tara shi. Suka zauna suna kira suna rubutawa. Kafin rana ta yi sanyi abin ya fito fili. Tsibi na farko, masu shaidar tabarma, kusan duk daga can ƙasa suke, tare da kashin maƙera. Masu zanen igiya daga tsakiya suka fara, kamar baƙi ne suka iso. Tsibi mafi girma kuwa, na tukwanen da gindinsu tabarma wuyansu igiya, ya fara ne kaɗan a bisa wancan, ya ci gaba har sama, kuma cikinsa ne ƙasusuwan shanu suka fi yawa. Abin da Falmata ta ware da yatsu ba tare da ta san zurfi ba ya zo daidai da shimfiɗar ƙasa.

Alkasim ya kunna manyeto ya ajiye a gabanta, ya ce ta faɗa masa yadda ta gane. Kwana huɗu tana magana. Ta ce yarinya a wurin uwarta take koyon wuyan tukunya, amma in ta yi aure yumɓun garin miji ne zai koya mata gindi, ko ta so ko ta ƙi, don in ba ta bi yadda uwar miji ke yi ba tukunyar fashewa take a wuta. Ta ce ita ma haka ta yi da aka kawo ta.

Kafin damina aka rufe ramin. Alkasim ya tara dattawan nan uku a gindin gawo ya gaya musu abin da ya gani: maƙera sun riga zuwa, mutanen gabas suka same su, aka yi auratayya, masu shanu kuma suna nan tare da su shekara da shekaru. Ya ce ba zai iya rantsewa wane harshe kowa ke yi ba, tukunya ba ta magana, amma abin da ya tabbata shi ne rijiya ɗaya suka sha.

Maigari ya ce shi dai an ce nasa sun riga zuwa, ya gode. Ardo ya ce, "Ashe gaskiyata, Barebari tun fil azal su ke gina mana tukwanen nono." Bulama ya ce, "Ƙasusuwan nan fa da aka tono, shanun wa muka cinye?" Aka tashi kowa na ganin shi ya yi nasara.

Gawayin da aka ciro daga shimfiɗar ƙasa an aika da shi Dakar a auna, amsa ta zo bayan wata takwas, cewa ya kai shekara ɗari biyar ko kusa. A 1978 Alkasim ya tsaya gaban malamai uku a Yamai ya kare littafinsa, da zanen Saratu a kowane babi. Ɗaya daga cikin malaman, baƙo ne daga wata ƙasa, ya buɗe shafin ƙarshe ya ce akwai wani masani da aka ambata fiye da sau arba'in, F. Kaka, shi bai taɓa cin karo da rubutunsa ba, a wace jami'a yake? Alkasim ya nemi izini ya kunna manyeto. Muryar Falmata ta cika ɗakin, tana bayanin wuyan tulu, a tsakiya kuma ta tsaya ta ce a gaya wa manyan Yamai cewa mijin nan nata marowaci ne, ko goro bai saya mata ba. Waɗanda ke jin Hausa suka fashe da dariya, aka fassara wa sauran, su ma suka yi. Ya ci da yabo.

A shekarar aka tura shi koyar da tarihi a kwalejin Magarya, inda ya yi karatu. Bayan girbi aka ɗaura aurensa da Saratu. Falmata ta gina wa amarya randa biyu, ta ce kishiya ce amma ba ta da mugun hali.

Gidansu na Magarya ba a daɗe ba ya zama sananne. Ranar kasuwa manoma daga Kwaya da Yekuwa sukan biyo da abin da hauya ta tono musu, a ƙulle a bakin rawani ko a cikin hula, Alkasim ya ba su ruwa, ya tambayi gonar wa, zurfin nawa, Saratu ta sa lamba. Wata rana wani mutumin Kwaya ya kawo rabin tulu, ya ce daga tsohon kufai ne. Alkasim ya juya shi, ya auna bakinsa, ya ce a ganinsa zai yi shekara ɗari biyu. Falmata ta zo ganin likitan ido tana gidan, ta ce a miƙo mata. Ta shafa sau ɗaya ta ce, "Ni na gina shi bara waccan. Matar mai unguwarku ce ta saya, har ta yi mini ciniki mai zafi." Mutumin ya sosa ƙeya, Saratu ta shige ɗaki da gudu tana dariya, Alkasim ya ɗauki bik ya soke abin da ya rubuta.

A ƙarshen 1979 takarda ta zo masa cewa ya sami gurbin ci gaba da karatu a Dakar, zai tafi bayan damina mai zuwa. A satin ne kuma wani manomi ya aiko daga Yekuwa cewa zaizayar ruwa ta buɗe wasu murhu na narka tama a bakin gonarsa, har guda shida a jere. Alkasim ya ce Dakar na da sauran wata goma, murhun kuwa iska da shanu ba za su jira shi ba. Da aka ba da hutun lakwal ya ɗaura igiya da turaku a bayan kekensa, ya biya ta Kwarin Gawo ya gaya wa ubansa. Rabe na cikin wata rijiya a lokacin, saura kaɗan ya kai ruwa. Ya ɗago kai daga ƙasa ya ce a ba shi kwana biyu, kada kuma a yarda kowa ya taka wurin kafin ya iso.